Ferul ko dalma, wanne zan sa a bakin waya?

Tambaya: Salam Malam, ina haɗa inbata da kaina kuma wayata fleksibul ce mai gashi-gashi, duk sanda na ɗaure sukuru a bireka sai wasu gashin su baje gefe wasu su tsinke. Wani yace in sayi ferul, wani kuma yace in shafa dalma a bakin wayar ya wadatar. Wanne zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka sayi ferul, dalmar nan kuma don Allah ka rabu da ita. Ranar da ka shafa ta zaka ga bakin wayar yayi tsaf kamar an gama magana, toh amma dalma ƙarfe ne mai taushi, idan sukuru ya danne ta a hankali take lotsawa, ga zafi da sanyi kullum suna aiki a kanta, bayan wani lokaci sai ɗaurin ya saki ba tare da kowa ya taɓa shi ba, kuma ɗauri in ya saki zafi yake yi, daga nan sai ƙaurin roba da baƙi a bakin bireka. A layin batir abin yafi bani tsoro saboda wutar da ke bi ta wajen tana da yawa sosai.

Shi ferul ɗan bututu ne na jan ƙarfe da aka shafe da kuza, yawanci da wuyan roba. Zaka fere wayar daidai tsawon bututun, ka zura gashin duka har su kai baki, ka matse, sai su dunƙule su zama abu ɗaya, kaga sukuru akan bututun zai hau ba akan gashin ba. Kuma babu wani silin da zai leƙa gefe ya taɓo maƙwabcinsa ya haɗa shot. In waya biyu zaka sa a rami ɗaya akwai ferul mai ɗaukar biyu, shi zaka nema.

Tambaya: Ina da filaya, dole sai na sayi abin matsewa na musamman?

Amsa: Dole ne, anan ma kuɗinka ya kamata su tafi. Filaya baje bututun kawai take yi, ta bar iska a tsakanin gashin, kana ja waya ta zare. Nemi mai racet, wanda baya buɗewa sai ya gama matsewa, akwai mai fitar da kusurwa 4 akwai mai 6, mai 4 yafi zama daram a ramin da yake murabba'i, mai 6 kuma yafi shiga zagayayyen rami mai matsi. Ka duba jikinsa ka ga girman wayar da yake ɗauka, da yawa daga 0.25 zuwa 6 ko 10mm² suke tsayawa, wayar batir mai kauri ta wuce su. Bayan ka matse ka ja da hannu da ɗan ƙarfi, in ta motsa yanke ka sake.

Tambaya: Na ga launi daban-daban a akwatin ferul, da launi ake zaɓa?

Amsa: A'a ɗan'uwa, da girman waya ake zaɓa. A tsarin Jamus na DIN 46228 ja 1mm² ne, baƙi 1.5, shuɗi 2.5, rawaya 6, amma akwai tsarin Faransa da wasu launukansa suka sha bamban, shi yasa ka karanta lambar da ke jikin akwatin. Kar a sa ƙaramar waya a babban ferul, kar kuma a yanke gashi don ta shiga ƙarami. Waya mai ƙwaya ɗaya bata buƙatar ferul sam, haka ma mahaɗin Wago 221 mai ɗan hannu, yana karɓar fleksibul yadda take.