Wane harsashi ya dace da farautar barewa a Amurka?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu lasisin farauta, kana shawara tsakanin harsashin .243 Winchester da na .30-06 domin barewar nan mai farar jela. Ni dai na fi son ka fara da .243, ko .308 idan kafaɗarka ta saba.

Dalilina shi ne bugun da bindiga take yi wa kafaɗa. Ita .30-06, wadda sojojin Amurka suka fara amfani da ita a 1906, tana da ƙarfi sosai, amma na ga sabon maharbi yana runtse ido tun kafin ya ja kunama, harsashin ya sauka a tumbin dabbar maimakon huhu. Muka yini muna bin ɗigon jini a kan busassun ganye. Wannan azabtar da dabba ne, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Irin harsashin ma ka kula da shi. Ka sayi mai laushin kai, wanda yake buɗewa idan ya shiga jiki. Mai rufin ƙarfe gaba ɗaya ratsawa kawai yake yi, jihohi da dama sun hana farauta da shi. Ga .243, ɗauki mai lambar nauyi 100 a jikin kwali, ga .308 kuwa, 150.

Sai dokar jiharka. A Kalifoniya an hana farauta da harsashin dalma tun 2019, sai irin na tagulla. A Ohayo kuma ba a yarda a farauci barewa da .243, .308 ko .30-06 ba, can .350 Legend ake yawan ɗauka.