Jan zare da farin zare: amsoshin tambayoyinku kan ingancin nama

Wani mai turka shanu ya rubuto cewa wata huɗu ya yi yana ɗawainiya da bijiminsa, amma da aka yanka sai naman ya fito da duhu, yana danƙo a hannu, kafin kwana biyu ya fara wari. Mahauci ya ce masa ciwo ne. Yana tambaya wace allura zai riƙa yi wa sauran.

Malam, ka ajiye maganar allura. Na sha amsa wannan tambayar, kuma zan sake, domin irin wannan asarar tana ci mini rai.

Tsoka zare-zare ce, zaren kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai ja, siriri, mai aiki a hankali ba ya gajiya. Kitse yake ƙonawa da iskar da jini ke kawo masa, sinadarin mayogulobin da ke riƙe iskar kuwa shi ke ba shi launinsa. Shi ya fi yawa a tsokar da ba ta hutawa, irin ta muƙamuƙi da wuya. Akwai fari, kakkaura, na zabura da tsalle, abincinsa sukarin da ke ajiye cikin tsoka, wato gilaikojin. Akwai kuma na tsaka-tsaki. Bayan yanka, wannan sukarin ke rikiɗewa ya zama tsami, ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ya sauko daga wajen 7 zuwa 5.5 cikin kwana guda. Tsamin nan shi ke fito da hasken nama, ya kuma hana shi saurin ruɓewa.

To, dabbar da aka koro da duka, aka cusa a mota ta yini a tsaye ba ruwa, aka haɗa ta da baƙin bijimai suka kwana suna karo, ta ƙone sukarinta tun tana da rai. Da me za a yi tsamin? Sai pH ya tsaya sama da 6, naman ya yi duhu, ya lalace da wuri. Kuma saniya ba ta mayar da wannan sukarin a dare ɗaya, kwanaki take ɗauka tana ci tana hutawa. Don haka a ɗora su a mota cikin natsuwa, kada a gauraya garke da garke, ruwa ya kasance a gabansu. Wanda ya iso a galabaice a jinkirta yankansa. Wahalar wata huɗu ce ake zubarwa a yini ɗaya.

Wata Hajiya mai kajin nama ta ce ƙirjin manyan kajinta yana tauri kamar itace, da fararen layuka a jiki. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba annoba ba ce. Ƙirjin kaza kusan duka farin zare ne, saɓanin cinya. Idan girma ya yi sauri da yawa, zaren kan kumbura har jini ya kasa wadatar da shi, wani ya mutu, jijiya da kitse su maye gurbinsa. Ki sassauta musu ƙarfin abinci, ki daina jira sai sun yi nauyin ƙarshe.

Mai tambaya kan garin da ake zuba wa dabba ta yi tsoka: irin su kilenbutarol farin zare suke kumburawa, su zaftare kitse, naman ya yi tauri. A 1990 mutane sun kwanta asibiti a Sifaniya bayan sun ci hantar shanun da aka ba shi, Tarayyar Turai kuma ta haramta wannan rukunin magunguna wajen kiwo a 1996. Ka kashe kuɗi ka ɓata namanka, ka cutar da mai ci? Ka rabu da shi.

Za a iya ƙara wa maraƙi yawan zare? A'a. Tun yana ciki ake ƙayyade adadin, bayan haihuwa kauri da tsawo kawai yake ƙarawa, saboda haka uwar za ka ciyar da kyau lokacin da take da ciki.

Naman shanu masu tozo kuwa, gaskiya ne yakan fi tauri, domin suna da yawan sinadarin kalfastatin da ke tauye aikin laushi bayan yanka. In kana da ɗakin sanyi, ka rataye shi tsakanin digiri 0 zuwa 4 na kwana 10 zuwa 14, za ka ji bambanci.