Rikoda na jan murya: moto ne ko bel?

Tambaya: Salam Malam, daga Nima nake rubutowa. Rikodar babanmu ce mai cin manyan batir 4, da ita muke jin tsofaffin kaset na tafsiri, yanzu murya sai ja take yi, wani lokaci ma ta tsaya cak. An ce min moto ne ya mutu. Zan iya canzawa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Za ka iya, amma kar ka yi saurin hawa trotro zuwa Zongo Lane, inda ake sayar da kayan gyaran lantarki a Accra, tukuna, fara buɗe bayanta ka duba bel, wato zoben robar da moto ke juya kaset da shi, don yawancin rikodar da ake kawo mana wai moto ya mutu, bel ne ya saki ko ya narke ya zama baƙi kamar kwalta, zafin Accra ba ya barin roba. Cire bel ɗin, sa sabon batir ka danna play, in moto na gudu lafiya to ba ruwanshi, ka goge wurin da sifirit ka sa sabon bel shikenan.

In kuwa bai motsa ba, ko sai ka tura shi da yatsa, alhali mita ta nuna wuta na isa gare shi, to ya tafi. Manyan batir 4 volt 6 ke nan, saboda haka kar mai shago ya lallaɓa ka da na volt 9 ko 12 wai ai duk ɗaya ne. Sai ɓangaren da yake juyawa, za ka ga CW (yadda hannun agogo ke juyawa) ko CCW (akasin haka) a takardar jikinshi, galibi na kamfanin Mabuchi ne, kuma nan mutane ke faɗawa, su sayi wanda bai dace ba su ce za su juya waya. Ba ya yiwuwa, akwai ɗan saket a cikinshi mai riƙe gudu, ka juya ja da baƙi ka ƙona shi. Ka tafi da tsohon a aljihu a haɗa su ka gani da idonka.

Fulin da ke kan tsohon, wato ɗan gargaren da bel ke hawa, kar ka yar, shi za ka zare a hankali ka mayar kan sabon, tsayinsu ɗaya, in ya hau ko ya sauka bel zai riƙa zamewa. Sukurorin ma tsofaffin za ka mayar tare da robobinsu, dogon sukuru na iya shiga ya taɓa cikin moton. Ɗauki hoton wayoyin kafin ka narka dalma.

Saura gudu. Kaset na tafiya santimita 4.76 a sakan, sabon moto da wuya ya zo daidai. Akwai ɗan rami a bayanshi, sa siririn sukudireba ka juya kaɗan kaɗan. Mu da kaset ɗin gwaji mai sautin 3000 Hz muke saitawa, kai ka nemi kaset da ka san muryar mai shi sosai, wanda ko rikodar ta tauna ba za ka ji ciwo ba, ka kunna irin sautin a wayar salula kana juyawa har su zo ɗaya.