Suma da asuba ba tare da ciwon suga ba

Tambaya: Likita, ƙanena yana tashi da asuba da gumi, rawar jiki da ruɗewa, wani lokaci har ya suma. Da ya sha shayi mai suga sai ya dawo garau. Ba ya da ciwon suga. Me ke faruwa?

Amsa: 'Yar'uwa, alamun faɗuwar sugan jini ne. Cikin abubuwan da za a bincika akwai insulinoma, ƙari a fankiriyas, wato sashin da ke bayan tumbi mai samar da insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini. Ƙarin yana zuba insulin ko mutum bai ci komai ba, sai suga ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta rasa abincinta. Shi ya sa ake ɗauka farfaɗiya ce ko iska, a yi ta ɓata shekaru.

Abu uku muke nema: alamun, sugan da ya gaza 55 mg/dL a daidai lokacin, da warwarewa bayan an ba da suga. Sannan a kwantar da shi asibiti a hana shi abinci har awa 72, ana auna suga, insulin da C-peptide, wani sinadari da fankiriyas ke fitarwa tare da insulin. Kada ku gwada wannan a gida, yana iya kisa.

Galibi ƙarin bai kai santimita 2 ba, don haka hoton CT kan rasa shi, sai an zura na'urar hoto ta baki. Kusan 9 cikin 10 ba ciwon daji ba ne, tiyata tana warkarwa.

Kafin nan, ya ci abinci kafin barci, ya dakatar da azumi da tuƙi. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti.