Tambaya da Amsa: Ta Ina Ake Shiga Duwatsun Jos da Keke?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata huɗu ke nan da aka yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Jos. Na sayi keken hawan dutse na gwanjo mai giya 21, saboda likita ya ce in rage tumbi. Kullum ina hango duwatsun nan ta taga, amma ban san ta ina ake shigarsu ba, taswirar waya kuwa kwalta kawai take nuna mini. Ina neman hanyar da zan riƙa bi ni kaɗai ranar Asabar, da wata mai sauƙi da zan fita da yarana, mai shekara 11 da mai shekara 7. Uwarsu ta ce ba ta yarda ba sai ta ji daga bakin ɗan gari.
Daga wani baƙon Jos, Rikkos.

AMSA: Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa garin sanyi, ɗan'uwa. Ka gaishe mini da uwargida, ka ce mata hujjarta ta fi taka ƙarfi. Zan dawo kan maganarta.

Kada ka ɗora wa tumbi laifin duka idan ka ji numfashi na neman gagararka a hawan farko. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Jos ta haura 1,200, ƙololuwar duwatsun Shere da kake hangowa ta gabas kuwa ta kai 1,829. Ga shi ƙafarka ta saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, inda mutum zai tuƙa daga Kurna har Sabon Gari bai taɓa giya ba. A nan ba ka tafiyar minti biyar ba ka hau ko ka gangara ba. Ka ba jikinka mako uku zuwa huɗu, zai saba.

Ita ma wayar ba ta yi maka ƙarya ba. Hanyoyin da muke hawa ba don keke aka yi su ba, shi ya sa ba su da suna a taswira. Wasu tsofaffin hanyoyin burji ne da kamfanonin haƙar kuza suka fasa tun zamanin Turawa, wasu turbar manoma ce zuwa lambu, wasu burtalin shanu ne. Ka mayar da Google Maps kan hoton tauraron ɗan'adam: jan zare mai kauri burji ne, siririn farin zare turba ce. Manhaja irin su OsmAnd da Komoot suna nuna tsayin ƙasa, Strava kuma tana nuna inda wasu suka taɓa bi. Lissafin ba wuya. Idan cikin kilomita 1 hanya ta hau mita 50, kashi 5 cikin ɗari ke nan, za ka yi gumi amma za ka kai. Idan ta hau mita 100, shirya sauka ka tura. Ka sauke taswirar a waya tun daga gida, don da ka shiga kwari sabis ke ɗaukewa.

To amma taswirar gaskiya tana mararraba, ƙarƙashin bishiya, wurin 'yan acaɓa, waɗanda mu a nan muke ce wa 'yan goyin. Su ne ke shiga ƙauyukan nan safe da yamma, rani da damina. Sai dai tambayar tasu ma sai an iya. Idan ka ce musu "wace hanya ce mai kyau?" kwalta za su nuna maka, don a wurinsu hanya mai kyau ita ce wadda ba ta cin taya. Ka ce: "Ta ina kuke fito da buhun dankali daga ƙauyen can? A ina fasinja yake sauka a tura? Rafi nawa ake tsallakawa, akwai gada?" Duk inda babur ya wuce da buhu biyu, kekenka zai wuce. Duk inda suka ce fasinja na sauka, can ne hawan da zai gwada ka.

Ni sai da na sha wuya na koyi wannan. Wata shekara da rani na ga wani siririn farin zare a waya, bayan Lamingo, ya nausa tsakanin duwatsu biyu, na ce yau na samo abin da babu wanda ya sani. Na wuce gidaje uku ban ko ɗaga hannu ba. Ashe zaren nan hanyar ruwa ce da ta bushe, sai ga ni ta kai ni ta ajiye a gindin shingen ƙerana. Ka san ƙerana, itacen nan mai ƙaya da mutanen Filato ke kewaye gida da gona da shi. Maimakon in juya, sai na ɗaga keken na kutsa. Reshe ya karye, farin ruwansa ya zubo mini a hannu, ni kuma ba tunani na share gumin goshi. Ban taɓa jin zafi irin wannan a ido ba. Ina durƙushe ina lalube sai na ji an dafa kafaɗata. Wani dattijo ne da fartanya a wuya. Bai tambaye ni komai ba, ya karkatar da kaina ya yi ta kwarara mini ruwan gorarsa har ta ƙare, ya aika jikansa ya ƙaro. Sai da na iya buɗe idon sannan ya ce, "Ɗana, da ka yi sallama a gidan farko, ai da an gaya maka nan ba hanya ba ce." Na ce, "Na yi kuskure, Baba." Ya riƙe mini kan keken, muka zaga bayan wani dutse, taku bai fi hamsin ba, ga turba fes ta miƙe har inda nake son zuwa. Idon ya kwana uku jajir.

Tun ranar na gane kowace turba a duwatsun nan tana da masu ita. Wajen Shere mutanen Afizere ne, wajen Naraguta Anaguta, ta kudu Berom, Miyango kuma Irigwe, ga rugagen Fulani a tsakani. Kowa na jin Hausa. Ka rage gudu ka gaisa, ka ba mai kaya a ka hanya, ka sauka idan ka haɗu da garke, kada ka taka kunyar acca ko ta dankali don yanke.

Batun tafiyarka kai kaɗai, ka fara ta Lamingo. Daga wajen dam ɗin ka nufi gindin Shere, za ka sami burji da turba iri-iri, hawa da gangara daidai mai koyo. A Shere akwai cibiyar horar da shugabanci ta gwamnatin tarayya, wadda aka fi sani da Man O' War. Mutanenta sun san duwatsun kamar tafin hannunsu, ka nemi ɗan rakiya a fitarka ta farko. Makonnin farko ka yi je-ka-dawo: tafiyar minti 45, ka juyo ta inda ka bi. Zagaye sai ka san ƙasa. Ƙololuwar kuwa ka bar wa ƙafa, ba ta keke ba ce.

Kafin ka fita, tsaya a tsakar gida ka matse birki ɗaya-ɗaya ka ga wanne ke kama tayar gaba. Kekunan gwanjo ba hannunsu ɗaya ba: wanda ya fito daga Ingila birkin gaba na dama, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai na hagu. Mutane da yawa a gangara suka gano nasu, bayan sun tashi sama ta kan sitiyari. Idan za ka gangara, ka ɗaga daga sirdi ka ja jiki baya, ka matsa birki biyun a hankali tare. Ka ɗan rage iskar taya fiye da yadda mai faci ke cika ta don kwalta, ta fi kama tsakuwa. Falalen dutse in ya bushe ya fi kwalta riƙo, in ya jiƙe kuwa sabulu ne. A jaka: tib guda, faci da solisho, famfo, ruwa lita 2, dabino ko gyaɗa, katin shaida, da 'yan canji. Hular kwano a ka, ba a rataye a sitiyari ba.

Ba zan rufe ka ba, akwai batun tsaro. Jos ta ga abin da ta gani tun 2001, kuma yankunan Riyom, Barikin Ladi da Bassa sun sha fama. Hanyar da take lafiya wannan Asabar ba lallai ta kasance haka ta gaba ba, don haka a safiyar da za ka fita ka sake tambaya a mararraba. Suka ce "yau dai a haƙura", ka haƙura, kada ka nemi dalili. Ka fita bayan gari ya waye, ka dawo kafin Azahar, ka gaya wa uwargida inda ka nufa da lokacin da za ta fara nemanka. A shingen jami'an tsaro ka sauka, ka cire baƙin gilashi, ka gaisa, waya ta zauna a aljihu. Dutsen Riyom da magangarar ruwan Assop wuraren gani ne, amma a mota, cikin jama'a. Hawan Kibo kuwa, doguwar gangarar nan ta kan hanyar Akwanga, kada ka je da keke ko da wasa. Tireloli ma birki ke tsinke musu a can.

Yanzu maganar uwargida. Ga sharaɗin da za ki kafa masa, Hajiya: kada ya kai yaran hanyar da bai bi ta shi kaɗai a cikin makon ba. Ni zan ce ku fara da ɓangaren Rayfield, inda tituna ke da faɗi, motoci ba yawa, tudun ma mai ladabi ne. Safiyar Lahadi ta fi, jama'a na coci, hanya fayau. Ɗan shekara 7 kilomita 4 zuwa 5 sun ishe shi, tafiya da dawowa. Ku fara da hawa tun da ƙarfinsu, dawowa ta zama gangara. Babban a gaba, da dokar tsayawa a kowace mararraba. Ƙaramin a tsakiya. Uban a baya inda idonsa ke kan kowa.

Abin da ya fi mota ba ni tsoro a wannan ɓangaren shi ne kududdufan kuza. Ramukan haƙa ne da ruwa ya cika, irin wanda aka mayar wurin shaƙatawa a Rayfield, kuma akwai su birjik har Bukuru da gaba. Ruwan kore shar, kwance lumui, yaro na gani sai ya so taɓawa. Amma ba su da gaɓa irin ta rafi da ake shiga sannu-sannu: taku ɗaya ne daga busasshiyar ƙasa zuwa zurfin da ya shanye dogon mutum, ruwan da sanyi, bakin kuma yana zaftarewa. Sun ci yara ba adadi. Duk turbar da ta gangara ta nufi kududdufi, a sauka a tura, ko da yaron ya rantse birkinsa na ci. Haka ramukan loto, masu kama da rijiya, da masu haƙar hannu ke bari a buɗe ciyawa ta rufe. Ba a barin turba a shiga ciyawa, ko fitsari ne.

In so samu ne, Hajiya, ki shiga Keke Napep ki je ki ga hanyar da idonki. In ta kwanta miki, ki riga su zuwa wurin juyowa da kular shinkafa da wake. Nawa yaran ba su taɓa cewa sun gaji ba muddin sun san uwarsu na gaba da abinci.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗaliba ce, ni da ƙawayena biyu muna hawa da yamma. Da damina ta shigo sai mu jingine kekunan ke nan?
Daga wata ƙanwarka, Bukuru.

AMSA: A'a ƙanwata, lokaci za ku sauya. Daminar Jos daga Afrilu take har Oktoba, kuma hadarin ya fi haɗowa da rana zuwa yamma, wani sa'in har da ƙanƙara. Ku koma safiya. Idan kun ga walƙiya ku ƙirga har ku ji tsawa: kowane daƙiƙa 3 kilomita 1 ne tsakaninku da ita. Ƙirgen bai kai 30 ba, ku sauko daga tudu, ku nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ku nemi gini. Rafin da kuka tsallaka ruwa iya idon sawu zai iya kaiwa ƙugu kafin ku dawo, ko da ba a yi ɗigo a inda kuke ba, don can kan dutse aka yi shi. Jar laka kuma tana cushe tsakanin taya da ƙarfe har keke ya ƙi motsi. Ku riƙe ɗan tsinke, in kun dawo ku wanke sarƙa ku sa mata mai. Watan Agusta kaɗai nake ɗaga wa ƙafa. Nuwamba ta fi kowane wata daɗi: ƙasa ta bushe, ciyawa ba ta gama ƙonewa ba, hazo bai yi kauri ba tukuna.

TAMBAYA: Malam, ɗana shekararsa 8. Mai sayar da keke ya ce in ɗaukar masa babba mai taya inci 26, wai zai girma ya cike shi. Ya ka gani?
Daga wani uba, Gangare.

AMSA: Alhaji, wannan shawarar ta riga ce, ba ta keke ba. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, yatsunsa ba su kai birki, a gangarar farko zai gane ba shi ke tuƙi ba. Ɗan shekara 8 mai taya 20 ne nasa, in dogo ne 24. Ka tafi da shi kasuwar. Ya tsaya ƙarfen keken na tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa, a ga sarari ya rage. Sannan ya matse birki da yatsa biyu ba tare da ya saki sitiyari ba. In hannun birkin ya yi masa nisa, yawanci akwai ɗan ƙaramin noti a gindinsa da ke matso da shi kusa. Ka sa mai gyara ya ɗaure shi nan take, kafin ka biya kuɗin.