Kayan sauti da aka mayar shago: ragin ya kai a saya daga Kumasi?

Saƙonni huɗu na ɗauko wannan makon, kuma duk a kan abu guda suke: kayan kiɗa da na sauti da wani ya saya ta intanet ya mayar, shagon ya sake sa su kasuwa da ragi. Na taƙaita tambayoyin don su samu wuri.

Tambaya daga wani matashi a Asawase: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa ƙaramin sutudiyo a ɗakina, ina ɗaukar ƙasidu da waƙoƙin biki. Na ga Focusrite Scarlett 2i2, na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta, a shafin Thomann iri biyu, sabo da wani da aka rubuta wa B-Stock, kuɗinsa ya fi sauƙi. Yayana yana Hamburg, zai zo Babbar Sallah. Wanne zan ce ya saya mini?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a sana'ar. Ka fara sanin daga ina irin wannan kaya ke fitowa, don mutane da yawa suna ɗauka lalatacce ne aka gyara. Galibi ba haka ba ne. Dokar Tarayyar Turai ta bai wa duk wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba, shi kuma Thomann, wanda babban shagon kayan kiɗa ne a Jamus tun 1954, ya ƙara wa'adin zuwa kwana 30. Sai mutum ya yi odar na'ura biyu ya gwada, ya riƙe ɗaya ya mayar da ɗaya. Wani matarsa ce ta ce kuɗin ya yi yawa. Wani kuma bai iya haɗa ta da kwamfutarsa ba ne kawai. Da zarar an yage kwali, shago ba zai sayar da ita a matsayin sabuwa ba, sai ya duba ta ya rage kuɗi. A wannan shagon kayan B-Stock suna tafe da garantin shekara 3 da damar mayarwa ta kwana 30, daidai da sabbi.

Ga mazaunin Hamburg wannan ciniki ne mai kyau ƙwarai, domin in ya ga matsala zai liƙe kwalin ya kai gidan waya, shi ke nan. Kai kuwa da na'urar ta sauka Asawase, garantin nan yana rubuce a takarda amma hannunka ba ya kai gare shi cikin sauƙi. Sai ka nemo mai komawa Jamus, ko ka biya kuɗin aikawa wanda zai iya cinye ragin duka har ya nemi ƙari, ka zauna wata da watanni babu aiki. Wannan matsalar ta shafi sabuwa ma, amma wadda ta riga ta shiga hannun wani ta fi buƙatar a bincike ta.

Saboda haka abin da zan ce ka yi shi ne: yayanka ya saya tun da sauran lokaci, kamar sati uku kafin tafiyarsa, ya gwada ta a can cikin kwanakin mayarwa. Kada ya bar ta a kwali ya jefa a akwati ya ce ai sabuwa ce fil. Ku yi kiran bidiyo kana gani. Ya jona ta da kwamfuta, ya sa hedifon, ya murɗa kowane maɓallin ƙara sauti a hankali daga ƙasa har ƙarshe yana saurare. In ya ji ƙarar ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye, maɓallin ya ci ƙura ko ya fara mutuwa. Ya gwada ramin makirufo na ɗaya da na biyu, kowanne daban. Ya danna maɓallin 48V ya ga fitilarsa ta kama, domin in babu wannan wutar makirufon sutudiyo mai kwandensa ba zai yi magana ba. Sannan ya ɗan girgiza kebul ɗin USB a bakin raminsa. In na'urar ta ɗauke ta dawo, ramin ya saki, ya mayar musu da abinsu. Ya bar ta a kunne kamar awa ɗaya tana kiɗa, don wasu matsalolin sai ƙarfe ya ɗumama suke fitowa.

Akwai wani abu da ba a gani da ido. Scarlett tana zuwa da kyautar manhajoji, ciki har da Ableton Live Lite ta ɗaukar sauti da haɗa kiɗa, kuma ana karɓarsu ne bayan an yi wa na'urar rajista da lambarta a shafin kamfanin. In mai sayen farko ya riga ya yi rajistar da sunansa kafin ya mayar, za ka iya tarar da lambar a ɗaure da asusun wani. Na'urar za ta yi aiki, direbanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, kyauta ne ga kowa, amma kyautar sai an bi ta da wasiƙa da rasit. Don haka ka buɗe asusu da imel ɗinka, ka ba yayanka ya yi rajistar tun a can. In ta ƙi, yana da lokacin da zai tuntuɓi shagon.

Maganar kuɗi kuma, ka yi lissafi da biro. A ce sabuwa Yuro 200 ce, ta B-Stock 180. Yuro 20 ke nan tsakani. In yayanka mai natsuwa ne, zai zauna ya yi gwajin nan, ɗauki mai ragin ka sa sauran a kebul mai kyau. In kuwa ka san shi da gaggawa, ranar tafiya zai karɓi kaya, to ka biya cikon ka sayi sabuwa. A sani kuma, farashin da yake gani a Jamus yana ɗauke da harajin VAT na kashi 19 cikin 100, wanda ake cirewa in shagon ne da kansa ya aiko kayan wajen Tarayyar Turai. Sai dai in an aiko kai tsaye ka rasa mai gwadawa, ga kuɗin jigila, ga kwastan na jira. A ƙaramar na'ura irin wannan, hanyar yayanka ta fi.

Tambaya daga wani dattijo a kwamitin masallaci a Aboabo: Yaranmu da ke Bronx a birnin New York sun tara kuɗi za su saya wa masallaci lasifika biyu masu amfilifaya a ciki da mikisa, daga kayan da aka mayar a Amazon. Sun ce ragin yana da yawa. Za su sako su a kwantena. Mu amince?

Baba, Allah ya saka wa yaran da alheri, ya karɓi sadakarsu. Amma ina roƙon ku dakatar da su tukuna har a duba abu ɗaya, wato wuta. Amurka tana aiki da bolt 120, mu a Ghana 230 muke da shi. A bayan kowace na'ura, kusa da inda ake soka wayar wuta, akwai rubutu ƙanana. In an rubuta 100–240V, lafiya lau, kan fulogi kawai za a canza zuwa mai ƙafa uku irin namu. In an rubuta 120V kaɗai, ranar da ladan ya jona ta a bango za a ji fat, a ga hayaƙi, kuma babu garantin da ke biyan wannan. Na sha buɗe irin waɗannan lasifikan a kan teburina, ka tarar fis ya narke, kwandensan wuta ya kumbura ya tsage, allon ya yi baƙi, alhali ko kiran salla ɗaya ba su yi ba. Ana iya sayen taransifoma mai rage wuta, amma ga lasifika masu ƙarfi sai babba mai nauyi, kuma kullum ana cikin fargabar ranar da wani yaro zai manta ya jona kai tsaye. Su ɗauki hoton rubutun nan su turo kafin su biya ko sisi.

Na biyu, sashen Amazon da ke sayar da kayan da aka mayar, wanda a da ake kira Warehouse yanzu kuma Resale, ya bambanta da abin da na faɗa wa ɗan Asawase a sama. Kayan suna da daraja hawa huɗu, daga wanda ya yi kamar sabo zuwa wanda ake iya maneji da shi, kuma galibi ba sa zuwa da garantin kamfanin da ya ƙera su. Abin da ke kare mai saye shi ne kwanakin mayarwa, yawanci 30. Kwantena daga New York zuwa Tema, da fitar da ita, da hawa mota zuwa Kumasi, ta wuce wannan wa'adin nesa ba kusa ba. Ashe in ba a can aka kunna su aka saurara ba, duk abin da aka tarar a Aboabo shi ne rabonku.

Sai kuɗin fito. Kwastan suna lissafi ne a kan kuɗin kaya haɗe da jigila da inshora, su ɗora harajin shigo da kaya, sannan VAT da NHIL na inshorar lafiya da GETFund na asusun ilimi su hau kai. Kuma suna da ikon ƙin yarda da farashin da ke kan rasit in sun ga ya yi ƙasa da abin da suka sani, su kimanta da nasu. Don haka a ajiye rasit da shaidar biya, kuma a tambayi ejan a Tema kiyasin abin da za a biya tun kaya ba su taso ba.

Ni dai ra'ayina, in don kiran salla da huɗuba ne, yaran su turo kuɗin. Ku shiga Adum da wanda ya san aikin, ku sayi amfilifaya da lasifikan ƙaho irin su Ahuja ko TOA, waɗanda aka yi don wutarmu. Da yawa daga amfilifayoyin Ahuja suna karɓar batirin mota, ga shi in dumso, wato ɗaukewar wuta, ya zo da asuba ladan ba zai tsaya ba. A kunna muku a shago ku ji da kunnenku, a rubuta muku rasit, kuma in wani abu ya taso masu gyaransu da kayan gyaransu suna nan cikin gari.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Tafo: Hedifon na Bluetooth da aka rubuta wa Renewed, ya dace in saya wa ɗana?

Hajiya, a nan sabo ya fi. Renewed na nufin an yi amfani da shi, an duba an goge, kuma sharaɗin Amazon shi ne batirin ya kai kashi 80 cikin 100 na ƙarfin sabo, da garantin kwana 90. Wato tun ranar farko wani yanki na ran batirin ya tafi, kuma a yawancin hedifon batirin a manne yake ciki, canza shi aiki ne. Zafin garinmu ma yana gajiyar da batir da wuri. In don karatu ko haɗa kiɗa yaron ke so, mai waya ya fi masa: babu caji, babu jinkirin sauti, kuma shi ko na hannu ne ana iya saye in an saurari kunnen hagu da na dama an duba soson.

Tambaya daga wani mai kiɗan biki a Sawaba: Na ga wani a intanet yana sayar da makirufo Shure SM58 a kwali, ya ce kayan da Turawa suka mayar ne shi ya sa ya karya kuɗin zuwa kashi ɗaya cikin uku. Ya ce in tura MoMo ya ba mota ta kawo daga Accra.

Ɗan'uwa, kada ka tura. SM58 yana kasuwa tun 1966, kuma yana cikin makirufon da aka fi yi wa jabu a duniya, har kwali da jaka da takardu ake kwaikwaya. Sabonsa a Amurka ya daɗe a wajen dala 100. Shagunan da ke sayar da wanda aka mayar ɗan ragi suke yi, don sun san ko tsoho ne zai samu mai saye. To ta yaya wanda ya biya jigila ya biya kwastan zai ba ka shi a sulusin kuɗinsa? Kalmar "an mayar" ta zama abin da masu jabu ke fakewa da shi don su bayyana arahar.

Wannan makirufo yana cikin kayan da na fi yarda a saya na hannu, saboda babu batir, babu manhaja, babu ruwansa da wutar gida, kuma yana jure faɗuwa. Sharaɗin kawai ya zama na gaske, kuma ba a gane haka a hoto. Ka aro na gaske wurin abokin sana'a, ku haɗu da mai sayarwa inda akwai mikisa. Ka riƙe su hannu bibbiyu. Na asali wajen gram 300 ne, jabu sau da yawa ya fi sauƙi, ko da yake wasu suna cusa ƙarfe don nauyi. Ka jona su ɗaya bayan ɗaya a rami guda ba tare da ka taɓa maɓalli ba. Ka shafa jikinsa da yatsa, ka sauya shi daga hannu zuwa hannu: na gaske yana haɗiye wannan motsin, jabu kuwa sai ka ji gurum-gurum a lasifika. Ka yi magana ta gefe da ta baya, na gaske zai rage muryar sosai, shi ya sa ba ya saurin yin kuwwa a filin biki. In mai kayan ya ce ba shi da lokacin gwaji, ko ya nace sai kuɗi sun shiga kafin ka gani, ka bar masa kayansa ka nemi wani a nan Kumasi wanda za ka iya komawa shagonsa gobe.