"Wimoweh": Kalmar da Kunne Ya Ƙirƙira

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa a shagon aski ya ji wata tsohuwar waƙar Turawa, ana ta maimaita "wimoweh" a amshinta. Ya bincika ya gano sunanta "The Lion Sleeps Tonight", wato zaki na barci a daren nan, amma ya duba ƙamus bai ga kalmar ba. Yana tambaya: wane yare ne, kuma me take nufi?

Malam, ba za ka same ta a ƙamus ba, domin kuskuren ji ne ya haife ta. Asalin waƙar na wani Bazulu ne, Solomon Linda, wanda ya rera ta da 'yan amshinsa, Evening Birds, aka ɗauka a faifan garmaho a kamfanin Gallo na Johannesburg a 1939. Sunanta "Mbube", wato zaki. Abin da suke faɗa a amshi shi ne "uyimbube": kai zaki ne. Da faifan ya isa Amurka, mawaƙi Pete Seeger ya saurara, kunnensa ya ba shi "wimoweh", shi da ƙungiyarsa Weavers suka rera ta haka a farkon shekarun 1950. A 1961 wasu samari, The Tokens, suka fito da ita da baitocin Turanci, ta zama ta ɗaya a Amurka.

Kada wannan ya ba ka mamaki. Kunne kan lanƙwasa baƙon sauti ya dace da harshen gida. Haka muka yi wa Turanci: daga bakin Bature muka samo likita, asibiti, kwabo da sule. Sai dai mu da muka ari kalmomin mun riƙe ma'anarsu, su kuwa Amurkawa sautin kawai suka ɗauka, zakin ya ɓace a hanya, sai baitocin Turanci suka dawo da shi yana barci.

Kalmar sule ta kawo ni ga abin da ya fi damuna. Sule goma aka ce an biya Linda. Waƙar nan ita ce bakandamiyarsa, har salon waƙa guda ya ɗauki sunan mbube a Afirka ta Kudu, amma ya rasu a 1962 cikin talauci, yayin da wasu ke tara dukiya da ita. Sai a 2006 iyalansa suka cimma yarjejeniyar biyan haƙƙi, bayan sun shigar da ƙara kan amfani da waƙar a fim ɗin "The Lion King" na kamfanin Disney, na 1994.

Ka kuma tambaya ko Hausa na da karin magana kan irin wannan. Akwai: "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi." Wasu na cewa "da karɓar kuɗi", duk daidai ne. Gardin nan ba na tsangaya ba ne, wato almajirin da ya girma. Shi ne mai wasa da kura ko maciji a kasuwa: kurar na ɗaure da takunkumi, ita ke shan sanda, ita jama'a suka zo kallo, amma abin da aka zuba aljihun gardi yake shiga. Lura da ginin jimlar: "da" sau biyu, ba aikatau mai lokaci, kamar an raba wa kowa rabonsa na dindindin. Shi ya sa ake faɗinta ga lebura da ɗan kwangila, ko manomi da dillali.